Ruwan Nono: Me Ya Sa Na Wata Ya Fi Na Wata Yawa?

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanmu, ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma mai ritaya, ta gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Birnin Zariya)

 

 Da aka nemi in yi magana a kan shayarwa, sai na zaɓi abin da na fi jin kukansa a tsawon shekarun da na yi ina aiki, wato maganar nan da mai jego kan faɗa da hawaye: "Anti, ba ni da ruwan nono."

Zan fara da kaina. Lokacin da na haifi ɗana na fari, nono har jiƙa mini riga yake yi. A haihuwata ta uku kuwa na zubar da jini mai yawa, aka yi kwana biyar ruwan nono bai kawo sosai ba. Mace ɗaya ce, gida ɗaya, tuwo ɗaya, amma abin ya bambanta. Wata 'yar barka har ta ce mini, "Ke da kike koya wa mutane?" To, idan ni da ke cikin aikin na ji zafin wannan magana, ina ga yarinya 'yar shekara 17 mai haihuwar fari a ɗakin uwar miji?

YADDA RUWAN NONO KE SAMUWA

Abin da ke fara fitowa shi ne dakashi, mai kauri da launin ɗorawa. Kaɗan ne, domin cikin jariri a ranar farko abin da yake ɗauka a shan guda bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba, wato kamar mililita 5 zuwa 7. Dakashi cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga gudawa da ciwon haƙarƙari. Saboda haka al'adar nan ta matse shi a zubar, ko a jefa tururuwa a ciki don a gwada ko nonon "mugu" ne, asara ce babba. Tururuwa ko a kunu ta faɗa tana iya mutuwa.

Daga kwana 2 zuwa 4 ne nono kan kawo sosai. Daga nan kuma ƙa'idarsa kamar ta rijiya ce, ana ja tana kawowa. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, ƙwaƙwalwar uwa kan saki wani sinadari mai suna furolaktin da ke haɗa nonon, da wani mai suna oksitosin da ke turo shi waje. Furolaktin ya fi yawa da dare, shi ya sa shayarwar dare ke da muhimmanci. Shi kuwa oksitosin, tsoro da ɓacin rai da zafin ciwo suna tauye shi. Ke nan gorin da ake yi wa mai jego yana iya hana nonon da ke akwai saukowa.

A matsakaicin lissafi, uwa mai shayar da nono zalla kan samar da kamar mililita 750 a rana cikin watanni shida na farko. Wata ba ta kai haka ba, wata ta wuce, kuma 'ya'yansu duka lafiya lau. Girman mama ba shi ne yawan ruwa ba, yawancin girman kitse ne. Abin da ya bambanta shi ne yawan abin da mama ke iya ajiyewa tsakanin sha da sha. Mai ƙaramin ma'aji ɗanta zai riƙa neman nono a kai a kai, amma in aka tara na yini guda sai a ga ya ƙoshi. Kazalika ba abin mamaki ba ne ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kawowa.

YAYA ZA A GANE YA ISHE SHI?

Kuka kaɗai ba shaida ba ce. Jariri kan yi kuka don zafi, ko jiƙewa, ko ciwon ciki, ko son a ɗauke shi. Abubuwan dubawa su ne: yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, bayan kwana biyar yana fitsari mai haske aƙalla sau 6 a rana, ana jin haɗiyarsa, sannan ga ma'auni. Jariri kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa cikin mako biyu. Wannan ne ya sa nake roƙon kada a jira sai an yi arba'in kafin a kai yaro awo da rigakafi.

Mafi yawan matan da na gani suna kukan rashin nono, matsalarsu kamun nono ce. Yaro ya kama kan nono kaɗai, uwa na jin zafi, kan ya tsage, shi kuma bai samu komai ba. In aka gyara, ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa ta taɓa mama, sai ciwo ya tafi, ruwa ya sauko. Matsala ta biyu ita ce ɗura wa jariri ruwa da bauri da zuma. Mu nan Zariya mun san zafin watan Maris da Afrilu, kuma kaka ba ta ba jikanta ruwa don mugunta. Sai dai kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan randa yana cika ɗan cikin nan, yaro ya rage tsotso, nono ya ragu, ga kuma haɗarin gudawa. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba.

WAƊANDA NONONSU BAI ISA BA DA GASKE

Amma jama'a, mu faɗi gaskiya. Akwai matan da ko sun bi duk ƙa'ida nonon ba zai isa ba. Daga cikin dalilai akwai zubar jini mai yawa wajen haihuwa, da ragowar mabiyiya da ta maƙale a mahaifa, da ciwon sukari, da matsalar maƙoƙo, da aikin tiyata a mama, da shigar sabon ciki, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin. Wata kuma halittarta ce, jijiyoyin haɗa nonon ba su da yawa. Wadda aka yi wa aiki ko ta haifi bakwaini, nata kan iya jinkiri. Irin waɗannan asibiti suke bukata, ba gori ba. Ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Idan ma'aikatan lafiya suka ga sai an ƙara da madarar gwangwani, a yi hakan ba tare da kunya ba, amma da tafasasshen ruwa, da kofi mai tsabta, da awon da aka rubuta a jikin gwangwanin. Tsarma madara da ruwa mai yawa don ta daɗe shi ne ke jefa yara cikin tamowa. Addininmu ma ya buɗe mana wata ƙofa, domin Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW). Idan za a ba wata ta shayar, a duba lafiyarta tukuna, musamman cutar ƙanjamau, sannan a rubuta a ajiye, tunda shayarwa tana haramta aure.

Akwai kuma masu yawan nono, waɗanda ake yi wa kallon sun huta, alhali suna fama da kumburi da sanƙarewa. In mama ta yi zafi, ta yi tauri, ga zazzaɓi, a je asibiti, kuma kada a janye yaro daga nono sai likita ya ce.

KUNUN KANWA DA WANKAN JEGO

A nan sai iyayenmu su yi mini afuwa. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazari a kan matan Zariya da kewaye da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, har sunan garinmu ya shiga littattafan likitanci na duniya. Sun danganta yawan ciwon da kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, kuma gishiri mai yawa ba abokin mai hawan jini ba ne. Abin da ke amfanar mai jego a kunun shi ne geron da ruwan. A dama mata kunun gyaɗa, a ba ta wake da ƙwai da zogale da nama in an samu, domin tana bukatar ƙarin abinci. Mai jegon da ta ga ƙafafunta na kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko tana tarin dare, kada a ce sanyi ne. A garzaya da ita asibiti ranar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, wa'adin da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata tun da daɗewa. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna jariran Nijeriya da ke samun nono zalla kashi 17 cikin 100 ne a 2013, suka kai 29 a 2018. Ke nan da sauran aiki. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da hutun haihuwa na wata 6 ga ma'aikatanta mata, amma mai sayar da ƙosai a bakin kasuwa da ɗalibar jami'a ba su da wannan gata. Irin su sai a koya musu tatsa a kofi mai murfi. Nonon da aka tatsa yana iya kai awa 4 a wuri mai sanyi a ɗaki.

'Yan'uwana, yawancinmu yanzu mu ne kakanni, mu ne uwayen miji. Maganarmu a tsakar gida ta fi ta ungozoma ƙarfi. Roƙona uku ne. Na ɗaya, a sa jariri a ƙirjin uwarsa cikin awa ɗaya da haihuwa. Na biyu, mu ɗauke wa mai jego daka da wanki, mu kuma gaya wa 'ya'yanmu maza cewa cefanen mai jego wajibinsu ne. Na uku, mu daina gwada surukarmu da kishiyarta ko da kanmu. Kafin ki ce mata ba ta da nono, tambaye ta sau nawa yaron ya yi fitsari yau, in kin ga da shakka ki yafa mayafinki ki raka ta awo.

Allah ya raya mana zuriyarmu, ya ba masu jego lafiya, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya.