FILIN MASALLACI DA DOKAR ƘASA

Jawabin Magatakardan Liman a Wurin Aza Harsashi

 

Malam ya umurce ni in yi muku bayani a kan filin da za a ɗora ginin nan, domin kuwa kafin a aza tubali sai an tabbatar da halaccin ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Masu tarihi sun faɗa mana cewa lokacin da Manzon Allah ya isa Madina a shekarar 622, filin da taguwarsa ta durƙusa na waɗansu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Suka so su ba shi kyauta, shi kuwa ya ƙi karɓa sai da ciniki. Da haka aka fara Masallacin Madina, ba hakkin kowa a cikinsa.

To, a ƙasarmu ta Nijeriya akwai kuma dokar hukuma. Tun 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filin cikin birni gwamna ke ba da izinin zama a kansa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Wanda ke da takardar shaidar mallaka ba shi da ikon sayarwa, ko jinginarwa, ko sauya sunan mai fili, sai da yardar gwamna. Haka kuma gwamna na iya soke izinin idan bukatar jama'a ta taso, kamar fitar da hanya, sa'an nan a biya diyyar abin da aka gina. Wannan doka tana nan daram, har an kafe ta cikin Tsarin Mulki na 1999.

Saboda haka abubuwa uku suka wajaba a kanmu.

Na farko, wakafin da aka yi da baki a mai da shi rubutacce, da shaidu da sa hannun magada. Mai kyauta zai koma ga Ubangijinsa, shaidu ma haka, amma takarda tana nan. Sau nawa jikoki suka kai jama'ar masallaci gaban alƙali saboda rashin rubutu?

Na biyu, a yi wa amintattun masallaci rajista a hukumar rajistar kamfanoni, takardar fili ta fito da sunansu a ƙungiyance. Kada ta fito da sunan Liman ko wani attajiri, don kada wata rana ta faɗa cikin rabon gado.

Na uku, ma'aikatar filaye ta auna, ta kafa duwatsun iyaka, hukumar tsara birane kuma ta sa hannu a zanen gini, kamar yadda dokar tsara birane ta tanada. Kada mu ci hanya ko magudanar ruwa ko da taku ɗaya, da sunan ɗakin Allah muke ginawa. Ginin da ya hau hanya, ranar da aka zo faɗaɗa titi shi ake fara rushewa, dukiyar bayin Allah ta tafi a banza.

Ya ku masu taimako, kuɗin awo da na takardu sadaka ne, daidai da kuɗin siminti da na kwano. Wanda ya ba da nasa don wannan, ya tsare aikin kowa.

Allah Ya karɓa mana, Ya sa mu ga kammalawarsa lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.