Koyon Yankan Makullin Mota: Jawabi ga Hakiman Ƙasar Gwandu

Ya kamata hakimai su sani yankan makullin mota ya wuce aikin magagari. A dā maƙeri ya kan dubi haƙoran makulli, ya goga wani irinsa, mota ta tashi. Amma a 1998 Jamus da Ingila su ka wajabta sa wa sababbin motoci na'urar hana sata, ga shi kuwa irinsu sun yawaita a hanyar Kalgo. Cikin kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya mai lamba. In lambar ta saɓa da wadda kwamfutar motar ta sani, ko makulli ya juya, inji ba ya tashi.

Saboda haka lalle yaron da za a tura ya iya karatun boko da lissafi. Zai fara da injin yanka da gyaran kubar ƙofa, sa'an nan wayarin, daga ƙarshe ya koyi haɗa makulli da kwamfuta. Hukumar NDE, wadda a ka kafa a 1986, ta kan sa yara hannun gwanayen sana'a, tana da ofis a Birnin Kebbi.

Sai dai fa wanda ya iya buɗe motar da makullinta ya ɓace, ya iya buɗe ta kowa. Kada hakimin Gwandu ko na Kalgo ya sa wa yaro hannu sai mai unguwa ya shaidi halinsa. Malamin hakimi ya rubuta sunansa, da na ubansa, da na maigidan da zai koya masa. A kuma gargaɗi maigidan kada a yanka wa kowa makulli sai ya nuna takardun mota.