Minti 15 a Gaban Malaman Kiɗa



Ɗalibin da ke neman karatun lauya ko likita, sakamakon jarrabawarsa ne ke yi masa magana. Mai neman karatun kiɗa kuwa, takarda kaɗai ba ta fisshe shi. Dole ya tsaya da ƙafarsa a gaban malamai biyu ko uku, ya kaɗa ko ya rera, su ji da kunnensu. A Kwalejin Kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka, inda mawaƙiya Tiwa Savage ta kammala karatu a 2007, wannan tsayuwa minti 15 ce kacal, sai wasu minti 15 na hira. Shekarun da yaro ya yi yana koyo, cikin wannan ɗan lokaci ake auna su.

Kafin ma a kai ga ɗakin gwajin akwai tankaɗe. Makarantar Juilliard ta New York, wadda aka kafa a 1905, tana buƙatar masu neman yawancin fannoninta su fara aika faifan wasansu a farkon Disamba. Wanda ya tsallake ne ake gayyata wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris. Manyan makarantun kiɗa na Ingila, irin su Royal Academy of Music mai tarihi tun 1822, sukan rufe karɓar takardu a farkon Oktoba, su yi gwaji a Nuwamba da Disamba. A gida Najeriya, hanyar ta bi ta JAMB, kuma kiɗa na cikin darussan da ake rubutawa. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961, daga baya irin su Ife, Uyo, Awka da Abraka suka biyo.

Kashi na farko na gwajin shi ne abin da ɗalibi ya shirya daga gida. Mai fiyano da ke neman makarantar kiɗan gargajiyar Turai, kusan ko'ina za a nemi ya kawo wani abu na Bach, da sonata ta Haydn, Mozart ko Beethoven, yawanci da ka. Mai murya zai zo da waƙa cikin Italiyanci da wata cikin Turanci. Berklee ta fi sakin hannu: minti uku zuwa biyar, a salon da mutum ya fi ƙwarewa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum don a burge malamai. Kiɗa mai sauƙi da aka yi da tsabta ya fi mai wuya da aka yi ta tuntuɓe a cikinsa, kuma malaman sun ji wannan mai wuyar daga hannun gwanaye sau ba adadi.

Wani abu da ke kaɗa hantar ɗalibai: yana tsakiyar wasa sai malami ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, mun gode." Sau da yawa wannan ba alamar faɗuwa ba ce. Akwai layi a waje, kuma kunnen da ya daɗe a sana'ar ba ya buƙatar dogon lokaci.

Inda gizo ke saƙa shi ne kashi na biyu, wanda ba a iya haddace shi. Tela na iya zuwa da rigar da ya ɗinka a gida, amma sai an miƙa masa yadi da almakashi an ce yanka a gabanmu za a san ko shi ya ɗinka. Haka malamin kiɗa zai ajiye wa ɗalibi takardar da bai taɓa gani ba, layuka biyar-biyar da ɗigo-ɗigon sauti a kansu, ya ce buga. A jarrabawar hukumar ABRSM ta Landan, wadda aka kafa a 1889, kuma jami'o'in Ingila da dama ke ɗaukar matakinta na 8 a matsayin ma'auni, rabin minti ake ba mutum ya duba takardar. Mai wayo ba ya ɓata wannan rabin minti a kan sautin farko. Yakan duba alamomin da ke bakin layi, ya san a wane sauti kiɗan ya zauna da yadda ake ƙirga bugunsa, ya leƙa wurin da ya fi wuya, sannan ya fara a hankali. In ya yi kuskure ba ya komawa baya, domin tsayawa ta fi kuskuren muni.

Lissafin makin wannan jarrabawa ya isa darasi. Jimla 150 ne, ana cin ta da 100. Kiɗa uku da aka shirya suna da 30 kowanne, wato 90. Sauran 60 na hawa da saukar sauti ne, da karatun takarda, da gwajin kunne. Ke nan ko ɗalibi ya cinye makin kiɗa ukun da ya shirya kaf, bai ci ba tukuna.

Gwajin kunne shi ne inda yaranmu ke da abin taƙama. Malami zai buga gajeren sauti a fiyano ya ce a maimaita da baki, ko ya tafa wani kari ya ce a mayar masa. Yaron da ya tashi a gidan makaɗa, yana amsa wa mahaifinsa da kalangu ko kuntuku tun yana ƙarami, wannan abincinsa ne. Haka wadda ta girma a ƙungiyar mawaƙan coci a Jos ko Kafanchan tana bin do, re, mi. Haka matashin da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a situdiyo a Kano, wanda ji ɗaya yake yi wa waƙa ya fitar da ita a kibod. Matsalarsu ɗaya ce: kunne ya yi nisa, ido bai taso ba. Do, re, mi ma rabin hanya ce, don rubutun layi biyar ake ajiye wa mutum a gaba. Abin takaici, a cikin duk abubuwan da ake gwadawa, karatun takarda aka fi bari sai ana saura mako biyu.

Sai hira. Za a tambayi ɗalibi su wa yake saurare, me ya sa ya zaɓi wannan makaranta, me yake son yi bayan ya gama. Wanda ya ce yana jin Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, kuma ya iya bayyana yadda amshi ke riƙe waƙar Shata, ya fi wanda ya jero sunayen Turawan da bai taɓa saurare ba. Wani malamin ma yakan ce, "Sake buga wurin nan, amma a hankali, kuma da taushi." Nan ne ainihin jarrabawar. Ba tauraro suke nema ba, domin tauraro ba ya buƙatarsu. Suna son ganin ko gyara na shiga, ko kuwa mutum zai maimaita yadda ya saba. Fela Kuti kansa, da ya je Landan a 1958, sai da ya zauna a Trinity College of Music aka koya masa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da mutum: a zo da wuri, a tanadi takardun kiɗa ga wanda zai raka ka da fiyano, a sa tufa masu mutunci da ba sa hana numfashi ko motsin hannu. Mai murya ya kiyaye maƙogwaronsa daga ƙurar hunturu.

Iyaye da malamai, duk yaron da kuka ga zuciyarsa na wannan fanni, ku nema masa mai koya masa karatun rubutun kiɗa aƙalla shekara guda kafin gwaji. Ku sa shi ya riƙa wasa a gaban mutanen da bai saba da su ba. In da hali, ya rubuta jarrabawar mataki-mataki ta ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas ko ta ABRSM, don kada ranar neman jami'a ta zama ranar farko da baƙo ya zauna da alƙalami yana sauraronsa.

Allah ya ba da sa'a.