Kafin a shiga aji: kwanakin farko na ɗalibi a Yamai

Maganarmu ta yau a kan yaranku ne da ke samun gurbi a shirin musayar ɗalibai, musamman ɗan Sakkwato ko Katsina mai karatun Faransanci da aka tura Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya yi zango ɗaya ko biyu.

Kai makiyayi, ba ka kora garke zuwa sabuwar makiyaya sai an tura garso ya dubo ruwa da ciyawa. To me ya sa ake riƙe yaro a gida yana taya ciniki har daren da za a fara karatu? Ku sake shi da mako guda ko kwana goma. A waɗannan kwanakin ne zai yi wa kansa aikin garso.

Hanya dai kun san ta. Daga Illela ya tsallaka Ƙonni, ya bi ta Dogon Dutsi da Dosso, fiye da kilomita 400 kafin Yamai. Jami'ar tana hayin kogin Kwara, a Harobanda, sai an haye gadar Kennedy. Ya tashi da sassafe don ya isa da sauran rana. Baƙon dare wahala yake sha.

Sai takardu, kuma a nan ne yawancin kwanakin ke tafiya. Ke uwa, kai uba, kun saba tsallakawa cin kasuwa ana ganin fuskarku a bar ku ku wuce. Ɗalibi ba haka ba ne, zama zai yi. Ya riƙe fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardar gayyatar jami'a, da ƙananan hotuna da yawa. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, don haka ya tambayi jami'an iyaka abin da ake nema a ranar, kada ya dogara da labarin wanda ya je shekara uku baya. A can ba a cika karɓar kwafin takarda haka kawai ba, sai an kai ta hukuma an manna tambur an buga hatimi. Wannan layi ne na yini guda. Ranar Juma'a kuma ofisoshi kan tashi da wuri. Ya leƙa ofishin jakadancin Najeriya ya rubuta sunansa, ko don ranar da takarda ta ɓace. Layin waya ma sai da katin shaida ake ba da shi. Da ya samu, ya turo muku lambar, mai farawa da 227.

Yanzu kuɗi. Ku 'yan kasuwa kuna dariya, amma yaron da ya tashi a makaranta bai san lissafin dala ba. Ku zaunar da shi ku koya masa: dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya sefa 1,000. Shi kuwa jakar da ya ji a bakin kakansa naira 200 ce. In mai tasi ya ce dala arba'in, sefa 200 ke nan, kada ya tsaya gardama. A canza masa kuɗin wurin ɗan canjin da kuka sani a Ƙonni, kuma kada ya tara su aljihu ɗaya. Naira in ta zama sefa ƙanƙancewa take yi, kuma kuɗin makon farko ya fi na kowane mako: katifa, bokiti, kuɗin ɗaki, tambur.

Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isa kowa. Nan ne kuke da abin da ɗan boko ba shi da shi, wato mai masauki. Wane ne a cikinku ba shi da abokin ciniki a kasuwar Katako ko Wadata? Ku kira shi tun kafin yaro ya tashi, ya sauke shi kwana uku ko huɗu har ya samu ɗaki. Amma don Allah kada ku ɗora wa yaron kaya ko saƙon da bai san cikinsa ba. In aka tsare shi a shinge, karatun ne zai tafi.

Hausa za ta ciyar da shi a kasuwa, sai dai Yamai garin Zabarmawa ne. Ya koyi «fofo» da «mate ni go», ya ga yadda fuska ke sakewa. A ofis kuwa ya daure ya yi Faransancinsa ko da yana tuntuɓe, ai shi ya je nema. In ya ga 15h a allo, ƙarfe uku na yamma ake nufi. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne.

A dare na uku ko na huɗu zai kira ku murya a sanyaye, ya ce abinci bai karɓe shi ba, bai san kowa ba. Kada ku ce ya dawo. Ku tambaye shi ko ya gano ajinsa, ko ya ɗanɗana dambu da kopto, ko ya san sunan maƙwabcinsa. Ku ce gobe war haka za ku sake kira ku ji amsa.