Nauyin Kaya da Zafin Mota: Darasi Daga Ma'aikatan Kamfanin UPS



'Yan'uwa masu sauraro, maudu'in zamanmu na yau shi ne haƙƙin ma'aikaci a kan lafiyar jikinsa da ransa. Domin kada maganar ta tsaya a kan iska, mun zaɓi misali guda daga ƙasar Amurka, wato kamfanin UPS mai kai saƙonni da kaya gida-gida, wanda aka kafa a 1907, da kuma ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters wadda direbobinsa da masu lodinsa suke ciki. Za mu bi labarin mataki uku.

Mataki na farko shi ne nauyin kaya. A farkon 1994 kamfanin ya ɗaga iyakar nauyin ƙunshin da yake karɓa daga kimanin kilo 32 zuwa kilo 68. A kan takarda wannan ƙarin ciniki ne, amma wanda zai sunkuya ya ɗauka, shi ya san abin da hakan yake nufi ga ƙugunsa da gadon bayansa. Shugaban ƙungiyar na lokacin, Ron Carey, wanda shi kansa tsohon direban kamfanin ne, ya kira yajin aiki a ranar 7 ga Fabrairu. Kotu ta hana, wasu rassan ƙungiyar suka noƙe, amma duk da haka dubban ma'aikata suka fita. Cikin yini guda kamfanin ya amince cewa duk ƙunshin da ya haura tsohuwar iyaka, ma'aikaci yana da ikon neman abokin aiki ya kama masa.

Mataki na biyu shi ne rarraba kan ma'aikata. Kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mutane aikin 'yan sa'o'i maimakon cikakken aiki, har suka zama su ne mafi yawa, alhali kuwa ladan farawarsu yana tsaye a dala 8 a sa'a tun 1982. Hikimar a fili take: mai cikakken aiki zai ga babu ruwansa da kukan mai rabin aiki, shi kuwa mai rabin aiki zai riƙa kallon ɗan'uwansa da hassada. Ƙungiyar ta shafe watanni tana haɗa kan ɓangarorin biyu. A ranar 4 ga Agusta 1997 ma'aikata kimanin 185,000 suka ajiye aiki, motoci suka tsaya cik har tsawon mako biyu. Jama'ar ƙasar suka goyi bayan masu yajin, domin kowa ya san direban unguwarsu da fuska. Daga ƙarshe kamfanin ya yarda ya buɗe guraben cikakken aiki 10,000, ya kuma janye yunƙurinsa na karɓe asusun fansho daga tsarin da ƙungiyar take da hannu a ciki.

Kafin mataki na uku, akwai wani abu da ya wajaba mu lura da shi, domin ba daga masu kamfani kaɗai cuta take zuwa ba. A 2018 aka kawo wa ma'aikatan sabuwar yarjejeniya, kashi 54 cikin ɗari na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce ba su yarda ba. Amma shugabannin ƙungiyar suka zartar da ita, suna masu dogaro da wata doka ta cikin gida da ta ce idan waɗanda suka yi zaɓe ba su kai rabin mambobi ba, sai kashi biyu cikin uku sun ƙi kafin a yi watsi da yarjejeniya. Ma'aikatan ba su watse ba. A 2021 aka soke wannan doka a babban taronsu, suka kuma zaɓi sabon shugaba, Sean O'Brien.

To, mataki na uku shi ne zafi. A wancan lokacin, motocin kamfanin masu launin ƙasa-ƙasa ba su da na'urar sanyaya iska. Hujjar kamfanin ita ce, direba yana yawan tsayawa yana buɗe ƙofa, don haka na'urar ba za ta yi amfani ba. A tsakiyar 2022 direbobi suka riƙa nuna hotunan ma'aunin zafi daga bayan motocinsu, inda yake kaiwa digiri 50 ko fiye, aka kuma ga hoton bidiyon wani direba da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar wani gida a Jihar Arizona. Irin wannan zafi yana ƙarar da ruwa da gishirin jiki, ya taɓa ƙoda, idan ya tsananta ya kai ga rasa rai. A Yunin 2023 kashi 97 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince a tafi yajin aiki idan ba a daidaita ba. Kamfanin da bai manta 1997 ba ya sauko tun kafin wa'adi ya cika. Yarjejeniyar da aka tabbatar a Agustan 2023, wadda ta shafi ma'aikata kimanin 340,000, ta tanadi na'urar sanyaya iska a sababbin motocin da za a saya daga 1 ga Janairu 2024, da fanka a tsofaffin, ta kuma kai ladan farawa na masu aikin 'yan sa'o'i dala 21.

Sai dai, 'yan'uwa, alkawarin ya tsaya ne a kan sababbin motoci, kuma a 2025 ƙungiyar ta fito tana kukan jinkirin cika shi. A 2025 ɗin kuma kamfanin ya ba da sanarwar rage ma'aikata 20,000. Ashe sa hannu a takarda farkon aiki ne.

Abin da muke so a tafi da shi gida shi ne, a duk matakan nan uku babu inda aka miƙa wa ma'aikaci kariyar lafiyarsa kyauta. Haɗin kai ya kawo ta, sa ido a kan nasu shugabanni ya tsare ta, kuma bibiya ce za ta tabbatar da ita. Duk wanda yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa ya tambayi kansa nauyin da yake ɗora musu. Duk wanda aka ba amanar wakiltar ma'aikata ya tuna cewa masu ɗaukar kayan su ne suka aike shi.