KAFIN KA SAYAR DA GONAR BAKIN RUWA: DAGA TSIBIRIN BALI ZUWA TIGA DA FALGORE

 Waɗanda data ta hana su saurare, ga shi nan an rubuta muku kamar yadda aka saba.

Zancen yau daga gidanmu ya taso. Watannin baya Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni a waya daga ƙauyenmu da ke kusa da Tiga. Ya ce, "Ɗana, wasu mutane sun zo daga birni da babbar mota, sun taya gonata ta bakin ruwa. Kuɗin da suka faɗa ban taɓa riƙe irinsa ba. Kai da ka yi boko, me ka gani?"

Na ce, "Kawu, me suka ce za su yi da ita?"

Ya ce, "Wai wurin hutawa."

To a nan na tsaya. Mutum ya baro Kano, ya wuce filaye iri-iri a hanya, sai gonar Kawu ya gani? Ke nan akwai abin da ya hango wanda mu da muka tashi a wurin ba mu hango ba.

Bari in ɗan fita da ku waje, sannan mu dawo gida. Da yawanku kun sha ganin bidiyon tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya a TikTok: gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu, ga ɗan ɗakin gora a tsakiya, baƙo ya tashi da safe yana shan shayi yana kallon manoma. Abin da ake sayar masa fa ba gado ba ne. Gona ce, da iska, da shiru, da abincin da aka tsinko a gabansa. Manoman Bali suna da tsohon tsarinsu na rabon ruwan noma da suke kira subak, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Haka a Zanzibar ta Tanzaniya, baƙi na biyan kuɗi a zaga da su gonakin kanumfari da kirfa da masoro, su shinshina, su ɗanɗana, su ci abinci a wurin, su sayi tsaraba.

Amma kada mu ruɗu da hoto. A Balin nan, gonaki da yawa sun koma gidajen haya da otal-otal, kuma wuraren ninƙayar baƙi suna takara da manoma a kan ruwa. Ga shara, ga cunkoso. Sai da ta kai daga Fabrairun 2024 hukumomin tsibirin suka fara karɓar rupiya 150,000 daga kowane baƙon ƙasar waje domin kula da al'adu da muhalli. Wanda ya sayar da gonarsa a can, sau da yawa ɗansa ne ke dawowa share tsakar gidan da aka gina a kanta.

Italiya kuwa ta bi wata hanya. Tun 1985 ta yi doka kan saukar baƙi a gona, kuma ginshiƙin dokar shi ne: noma ne babban aiki, saukar baƙi ƙari ne. Wato manomi ba ya barin gonarsa, kuɗin baƙo ne ke taimaka masa ya zauna a cikinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To mu me muke da shi? Ba mu da teku, gaskiya ne. Amma ka taso daga Kano ka biyo hanyar Zariya. A Bebeji akwai dam ɗin Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Shi ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Ka iso Kwanar Dangora a Kiru, ka karya kwana ka nufi Tudun Wada, garin da kowa ya san shi da shinkafa, daga masu nomanta har matan da ke turara ta. Ka wuce, sai dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda ya taɓo Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da ta amince su zama gandun daji na ƙasa. Can gaba kuma Doguwa, ƙasar masara da rake, da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wanda bai taɓa zuwa can da damina ba, wallahi idan ka nuna masa hoto zai rantse ba Kano ba ce.

Kuma ba yau aka fara tunanin nan ba. Ku tambayi iyayenku labarin otal ɗin Bagauda da Rock Castle na Tiga, yadda ake zuwa hutu can a da. Yau harabar Bagauda reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ce. Darasin da ni na ɗauka shi ne, babban gini yana buƙatar babban aljihu kullum, kuma ko yana tashe, manomin da ke bayan katanga ɗan kallo ne.

Shi ya sa na roƙi Kawu ya ba ni lokaci. Bayan kaka na tattaro abokaina takwas da muka yi jami'a tare, duk 'yan birni, na ce kowa ya kawo abin da yake kashewa in ya fita yawo ranar Asabar. Muka share ɗakuna biyu na ƙasa da babu kowa a ciki, muka shimfiɗa tabarmi da katifa, muka rataya gidan sauro. Inna, matar Kawu, ta yi tuwon masara miyar kuka da man shanu. Da asuba bayan salla muka bi masunta bakin ruwa muka sayi tarwaɗa tana motsi. Da hantsi Kawu ya nuna musu yadda ake sussuka, da yadda ake zuba hatsi a rumbu. Akwai wanda a cikinmu yana da digiri na biyu amma bai iya bambance gero da dawa a tsaye ba. Kawu ya yi dariya har da hawaye.

Da za mu tafi na damƙa wa Inna kuɗin abinci, na ba Kawu na ɗaki, yaron da ya yi mana jagora shi ma ya samu nasa, matan maƙwabta suka sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa. Ba wani kuɗi ne na a-zo-a-gani ba. Amma gonar tana nan, kuɗin kuma a unguwar ya kwana.

Yanzu bari in faɗi inda muka kwafsa, don ba talla na zo yi ba.

Na farko, bayan gida. Biyu daga cikin abokaina sun ce ba za su dawo ba sai an gyara. Kuma suna da gaskiya. Ɗan birni zai kwana a tabarma da murna, amma ba zai yafe ƙazamin banɗaki ba.

Na biyu, leda. Mu da muke ta wa'azin muhalli, mun bar ledojin ruwa a gonar mutane, sai da Kawu ya bi yana tsincewa don kada awaki su ci. Na ji kunya ranar.

Na uku shi ya fi yi min ciwo. Wani abokina ya ɗauki bidiyon matan gida suna daka bai tambayi kowa ba, ya ɗora a shafinsa. Da yamma Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, baƙonka annabinka, haka muka gada. Amma gidana ba gidan kallo ba ne." Na sa aka goge, na ba da haƙuri. Tun daga ranar na san cewa dokar farko ta wannan sana'a ita ce mutuncin masu gida.

Sai babbar magana: tsaro. Duk wanda ya san hanyar Falgore ya san an yi shekarun da direbobi ba sa son yamma ta yi musu a dajin, saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Don haka ban ce kowa ya kwashi baƙi ya shiga daji ba. A fara daga gonakin da ke jikin gari, da sanin mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro, a yi tafiya da rana. Baƙo ɗaya ya shiga matsala, an rufe wa kowa kasuwa.

Ruwan ma yana da nasa sharaɗin. Ba mu manta haɗarin kwalekwalen Bagwai na 2021 ba, inda aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Babu rigar kariya, babu shiga jirgi. Sannan ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, kada a bar baƙo ya faɗa wanka don ya ga yaran gari suna yi.

Wani zai ce, to ina ruwan duk wannan da muhalli? Ga alaƙar. Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga. In aka sare itatuwan aka yi gawayi, ruwan sama zai kwashi ƙasa ya zuba a kogi, kogi ya kai ta dam, dam ya riƙa cikewa da yashi da laka. Ƙarshenta mai tumatir a Kadawa ne zai ji a jikinsa. Saurayin da ke saran itace kuma ba mugu ba ne, abinci yake nema. Ba za ka hana shi da lacca ba. Amma ranar da inuwar bishiya ta fara kawo masa kuɗi duk mako a matsayin ɗan jagora, shi da kansa zai tsare ta. Haka makiyayan da ke Ɗansoshiya a Kiru: kindirmo da man shanu da sanin daji duk abin da baƙo zai biya ne, in an shigo da su a matsayin abokan sana'a.

Ga shawarata ga matasanmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Ku haɗu biyar ko goma ku yi ƙungiya mai rajista. Ku fara da ɗaki biyu, banɗaki mai tsafta, sola ɗaya, da randa ko tulu maimakon ruwan leda. Abinci daga gonar, ma'aikata daga unguwar, mata su karɓi kuɗinsu a hannunsu. Kasuwarku ba Turawa ba ce, 'yan Kano ne da Kaduna da Abuja, da makarantun da ke neman inda za su kai ɗalibai, da iyalan da 'ya'yansu ba su taɓa ganin rumbu ba. In mai kuɗi ya zo, ba a ce a kore shi ba. A ba shi haya ta shekaru ƙididdigaggu, a rubuce, da shaidu, da sharaɗin ba zai toshe hanyar ruwa ga masunta da dabbobi ba. Kuma noma ya ci gaba, kamar yadda dokar Italiya ta shar'anta.

Kawu dai har yanzu bai sayar ba, kuma bai ce ba zai sayar ba. Yana da 'ya'ya mata biyu da za a aurar, taki kuma kun san kuɗinsa. Masu motar sun sake kiransa. Ya ce ya ba ni zuwa kaka mai zuwa in nuna masa cewa abin nan zai iya riƙe gida. Yanzu haka muna haƙa sabon banɗaki.

Saboda haka in kana da gona a yankin nan, ko ta mahaifinka ce ake zawarci, ka turo mana saƙo mu ji yadda ake ciki a wajenku. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu zauna da wani masunci ya ba mu labarin yadda kamun kifi ya canza a Tiga.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa gonakinmu albarka. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.