Addinin Tao da Jadawalin nan Mai Gida Huɗu

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

An nemi in yi bayanin addinin Tao a sauƙaƙe, yadda malami zai iya sa shi a darasin farko na kwatanta addinan duniya. Zan yi. Amma akwai jayayyar da na daɗe ina yi da abokan aikina masu koyar da wannan fanni, kuma da ita na zo Nyanya yau. Jayayyar a kan jadawalin nan ne mai gida huɗu da muke zanawa a allo: wanda ya kafa addini, littafinsa, abin bautarsa, makomar mutum bayan mutuwa. Jadawalin ya zauna daram a kan Musulunci da Kiristanci da Yahudanci, domin a jikinsu aka gwada shi. Da an iso kan Tao sai ɗalibi ya rubuta Laozi a gidan farko, Tao Te Ching a na biyu, Tao a na uku, ya bar na huɗu fayau. Zai ci jarrabawa. Amma zai fita yana zaton Laozi annabinsu ne, littafin shari'arsu ne, Tao kuma sunan ubangijinsu ne. Babu ɗaya cikin ukun da mabiyin Tao zai amince da shi yadda yaron ya fahimta. Mun sauƙaƙa masa har mun gaya masa abin da ba haka yake ba.

Ba sai na tsaya gaya wa mutanen Nyanya yadda Sinawa suka shigo rayuwarmu ba. Kamfaninsu ne ya yi aikin faɗaɗa hanyar Abuja zuwa Keffi da kuke bi kullum, su suka shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, 'yan kasuwarmu kuma sun mai da Guangzhou kamar Legas. Tun 1963 rediyon ƙasar Sin yake magana da mu cikin Hausa, shekara takwas kafin ma a ƙulla hulɗar jakadanci a 1971. Su sun koyi harshenmu. Mu kuwa ɗalibinmu na iya gama karatun addini bai taɓa jin sunan Zhuangzi, babban malamin Tao, ba.

To me za a gaya wa ɗalibi?

A fara da Tao ɗin kansa. Ma'anarsa hanya, kuma abin da suke nufi shi ne asalin da komai ya fito daga gare shi da tsarin da komai ke tafiya a kansa: dare da rana, damina da rani, haihuwa da tsufa. A wurinsu Tao ba ya umarni, ba ya hani, ba ya aiko manzo, ba ya yi wa kowa hisabi. Saboda haka ban yarda da abokaina masu cewa ai Tao ɗin nan Allah suke nufi da wani suna ba. Na san daga inda suka ɗauko. Toshihiko Izutsu, masanin Japan ɗin nan da ya fassara Alƙur'ani zuwa Japananci, ya rubuta babban littafi yana kwatanta Ibn Arabi da Laozi da Zhuangzi. Aiki ne mai zurfi, amma na ɗalibin digiri na uku ne. Yaron da ke darasin farko, idan ka ce masa ɗaya ne, ka zalunci tauhidinsa, ka kuma zalunci mutanen Tao.

Laozi kuwa, labarinsa mafi daɗewa yana cikin tarihin da Sima Qian ya rubuta wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce ma'ajin littattafai ne a fadar sarakunan Zhou, da ya ga mulki ya lalace sai ya kama hanyar yamma, mai tsaron iyaka ya roƙe shi ya bar wani abu a rubuce kafin ya wuce. Abin da ya bari ɗan littafi ne mai babi 81, kalmominsa kamar 5,000, ana iya karance shi tsakanin Azahar da La'asar. Masana da yawa na yau suna ganin tarin maganganu ne da aka haɗa a hankali, kuma kofen da aka tono daga kaburbura, na Mawangdui a 1973 da na Guodian a 1993, sun nuna littafin ya sha sauye-sauye kafin ya tsaya a siffarsa ta yanzu.

Sai abin da suke kira wu wei, wanda ya fi komai wahalar da malamai. Wasu na cewa rashin aiki ne, ɗalibi ya tafi da cewa addinin ragwaye ne. Abin da ake nufi shi ne aiki ba tare da tilasta wa abu abin da ba ɗabi'arsa ba. Littafin Zhuangzi, na biyu a daraja wurinsu, ya kawo labarin wani mahauci da ya shekara 19 da wuƙa ɗaya ba ta dakushe ba. Ku je layin mahauta a kasuwar nan ta Nyanya da sassafe ku tsaya ku kalla. Sabon yaro yana ɗaga adda yana saran ƙashi, gumi na zuba, tsoka na tarwatsewa, ƙarfe na lanƙwasa. Tsohon hannu kuwa sai ya shafa cinyar da yatsa, ya gano gaɓa, ya zura bakin wuƙa, nama ya rabu kamar dama jira yake. Shi ma aiki yake, har ya fi yaron cin aiki, sai dai ya bi inda dabbar take da hanya. Wannan shi ne wu wei, kuma suna so mutum ya yi haka da jikinsa, da iyalinsa, sarki kuma ya yi haka da talakawansa: ya rage dokoki, ya rage haraji, ya rage yaƙi.

Abu na gaba shi ne wanda littattafan Turawa na da suka raina, mu kuma muka gaji rainin. Tao ba falsafar littafi kaɗai ba ce, addini ne mai haikali da limamai da bukukuwa. A shekara ta 142 miladiyya wani mai suna Zhang Daoling, a yankin Sichuan, ya ce Laozi ya bayyana gare shi, ya kafa jama'a mai tsari wadda kowane gida ke ba da awon shinkafa biyar. A haikalinsu an ɗaukaka Laozi ya zama abin bauta, tare da alloli masu yawa da aka jera kamar ma'aikatan fada, kowa da muƙaminsa. Yau manyan rassa biyu ne. Limaman Zhengyi suna aure, suna zaune cikin gari, ana kiransu jana'iza da bikin unguwa. Na Quanzhen, wanda Wang Chongyang ya kafa a ƙarni na 12, ba sa aure, suna zaune a gidajen ibada kamar haikalin Baiyun na Beijing. Tarin littattafansu da aka buga a 1445 ya kai kusan 1,500, ku duba yadda gida ɗaya na jadawali zai ɗauke su. Kuma Basine ɗaya na iya kiran limamin Tao jana'izar mahaifinsa, ya kunna turare a haikalin Buddha, ya tarbiyyantar da ɗansa da koyarwar Confucius, in ka tambaye shi addininsa ya ce ba shi da shi. Tambayar "kai wane addini kake?" tamu ce.

Yanzu ga hujjar da na fi dogara da ita, kuma ina roƙon shugaban taro ya yi mini haƙuri in daɗe a kanta.

Gida na huɗu da ɗalibi ya bari fayau, dalilinsa shi ne mutanen Tao sun fi damuwa da tsawon rai da lafiyar jiki fiye da tashin alƙiyama. A wurinsu jiki wurin ibada ne. Numfashi, abinci, motsa gaɓoɓi, haɗa magani, duk cikin addini suke, babban burin kuma shi ne mutum ya kai matsayin wanda mutuwa ba ta cin masa. Ɗaya daga cikin manyan malamansu a wannan fanni shi ne Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4 miladiyya, ya kuma ƙare rayuwarsa a dutsen Luofu, a lardin Guangdong, lardin da 'yan kasuwarmu ke sauka. Bayan littafinsa na neman dawwama, ya rubuta wani ƙarami na magungunan gaggawa, wanda mutum zai iya sawa a hannun riga, ya cika shi da abubuwan da talaka zai samu a bayan gida ba tare da kuɗi ba. A cikinsa, a babin zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ya ambaci wani ganye da suke kira qinghao, dangin tazargaden da iyayenmu mata suka sani. Ya ce a jiƙa shi a ruwa, a matse, a sha.

Shekara fiye da 1,600 bayan haka, lokacin yaƙin Vietnam, zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin, yana kashe sojoji. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon magani, a 1969 aka sa wata masaniya mai suna Tu Youyou ta jagoranci wani rukuni. Suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Sun gwada qinghao, sakamakon ya ƙi tsayawa, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma littafin Ge Hong, ta lura bai ce a tafasa ba, alhali yawancin magungunansu dafawa ake yi. Ta gane zafin wuta ne ke kashe sinadarin. Ta canza hanya, ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ya kashe ƙwayar cutar a jikin dabbobin gwaji. Kafin a ba marasa lafiya, ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu. Sinadarin shi ne artemisinin. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Kowane kemis da ke tsakanin nan da Mararaba yana da Coartem ko ɗan uwansa a kan kanta, kuma daga wannan sinadari aka samo shi. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya. Da wuya a sami gida a zauren nan da ba a ba yaro wannan magani ba a daminar da ta wuce. Shi ya sa nake gaya wa malamai: ranar da za ku fara darasin Tao, ku shiga aji da kwalin maganin nan, ku ɗaga shi, ku tambayi wa ya taɓa sha. Hannaye za su tashi. Daga nan ku koma baya zuwa Ge Hong, daga Ge Hong zuwa dalilin da ya sa malamin addini ya zauna yana tattara maganin zazzaɓi. Yaro zai gane matsayin jiki a wannan addini fiye da yadda shafi goma na rubutu zai gane da shi.

A faɗa musu ɗaya ɓangaren ma. Shi Ge Hong ɗin ya yi imani da haɗin dawwama da ake yi da zinariya da ma'adinai masu guba, irin wannan haɗi kuma ya kashe sarakunan daular Tang fiye da ɗaya. Daga tukwanen masu wannan bincike albarushi ya fito. Kuma kada wani ya fita daga nan ya jiƙa tazargade ya bar asibiti, domin abin da ya warkar shi ne sinadarin da aka tace aka auna.

Masu cewa yaranmu ba su gama sanin nasu addinin ba balle na wasu, amsarsu gajera ce: ku gyara darasinku, kada ku hana nawa. Masu tsoron kada yaro ya yi ridda, ina tuna musu al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi a kan addinin Indiya wajen 1030, da al-Shahrastani mai al-Milal wa al-Nihal, da Liu Zhi na birnin Nanjing, malamin Musulunci da ya karanta littattafan Confucius da Buddha da Tao kafin ya rubuta nasa da Sinanci. Ba a ji ɗayansu ya bar salla ba. Masu cewa "arna ne masu bautar gumaka, shi ke nan" kuwa, wannan hukunci ne, kuma malamin aji bayani aka ɗauke shi ya yi. Garin nan da ya ga tashin bam a tashar mota ranar 14 ga Afrilu, 2014 ya san inda rufe ido ga ɗan Adam ke kaiwa.

Shawarwarina ba sababbi ba ne. A ajiye jadawalin nan, aƙalla a makonnin farko, a maye shi da tambayoyi uku: me waɗannan mutane suke gani shi ne ciwon ɗan Adam, me suke gani shi ne maganinsa, me suke yi ranar haihuwa da ranar mutuwa. Tambayoyin za su karɓi Tao, za su kuma karɓi addinin Maguzawa da na gargajiyar Gbagyi masu ƙasar nan, waɗanda jadawalin ya daɗe yana bari a waje. Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta tabbatar babu mai fita da NCE a darasin addini, daga kwalejin Zuba ko wata, bai zauna wannan kwas ba, kuma malamin Musulunci da na Kirista su koyar da shi tare a aji ɗaya. A rubuta ɗan littafi da Hausa wanda bai wuce shafi 60 ba. A nemi taimakon Cibiyar Al'adun Sin da ke Abuja da sashen Hausa na rediyon Sin wajen hotuna da furucin sunaye, amma alƙalamin ya zauna a hannunmu, domin su ofisoshin gwamnati ne, gwamnatin da aka rushe haikalai masu yawa a ƙarƙashinta tsakanin 1966 da 1976, kuma wannan ma dole ya shiga littafin. Jami'ar Abuja da ta Jihar Nasarawa da ke Keffi suna kusa da mu, su ya kamata su ɗauki nauyin rubutun, makarantun Nyanya da Karu kuma su fara gwada shi a zangon karatu mai zuwa. Duk shugaban makarantar da ya yarda a fara da ajinsa, ya ba sakataren taro sunan makarantarsa kafin a tashi.